Babi na Shida: Awarar da Ba a Matse Ba

Tun ban san akwai wata ƙasa mai suna Singafo ba na san ƙanshin waken suya idan ya tafasa. Gwaggona awarar sayarwa take yi a Tudun Wadan Zariya, ni ne kuma ɗan aikenta zuwa inji. Da daddare take jiƙa waken, da asuba in ɗauki bokiti in kai niƙa, in na dawo ta tace ƙullun da wani tsohon ƙyalle da ya sha wanki har ya yi laushi kamar auduga. Dusar ta awaki ce. Madarar kuwa a babbar tukunya ake juye ta, a hura wuta, a tsaya a kanta, domin madarar waken suya ba ta da amana: kana juya baya za ta yi kumfa ta malale a murhu. Idan ta tafasa sai Gwaggo ta ɗebo ruwan tsamin da ta tsiyaye daga kan gasara, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. A nan ne abin da nake jira yake faruwa. Farar madarar nan sai ta tsinke, wani ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya ware gefe, wasu fararen curi-curi masu taushi su taso sama kamar gajimare. Ba su daɗewa a haka. Gwaggo za ta kwashe su ta zuba a buhu, ta ɗaure baki, ta ɗora dutsen niƙa a kai. Kafin azahar sun zama dunƙule guda mai tauri, a yayyanka, a soya, a barbaɗa yaji.

Ban taɓa tambayar kaina me zai faru da an bar gajimaren nan yadda yake ba. Sai da na haura shekara arba'in, a Singafo, wani ɗan tsibiri da ke ƙarshen zirin ƙasar Malesiya, wata tsohuwa 'yar asalin Sin ta miƙo mini amsar a cikin kwano.

Wanda ya kai ni wurinta wani dattijo ne ɗan ƙabilar Malay da muka saba a masallacin unguwar da na sauka. Pakcik nake ce masa, wato kawu da harshensu, domin a can ma yaro ba ya kiran sunan babba gatsal. Wata rana mun idar da sallar asuba ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, kwana nawa ke nan kana cin abincin otal? Wanda bai zauna a kujerar masu talla ba bai zo garin nan ba. Taho."

Wurin da muka je a gindin wasu dogayen gidajen gwamnati yake, irin waɗanda kusan mutum takwas cikin goma na 'yan ƙasar ke zaune a ciki. Sunan da suke kiran irin wannan wuri ma'anarsa cibiyar masu talla, ko da yake ba za ka ga kowa da tire a ka ba. Wata ƙatuwar rumfa ce mai dogon rufi, ba bango, iska na shiga ta ko'ina, fankoki na ta juyawa a sama. An kafe tebura da kujeru a ƙasa, kowane tebur da lambarsa. A gefe da gefe kuma shaguna ne a jere, kowanne bai fi ɗan ƙaramin shagon tela ba, amma da famfonsa, da wutarsa, da magudanar ruwansa, da lasisinsa a manne inda kowa zai gani. Mai wannan shago shinkafa da kaza kaɗai yake sayarwa, na kusa da shi taliya, na gaba shayi da kofi. Na nufi wani tebur da ba kowa zan zauna, Pakcik ya janyo ni ya nuna mini wata 'yar ledar takardar goge baki da aka ajiye a kai. Ashe alama ce: mai ita ya kama wuri ya tafi layin abinci, kuma ba wanda zai taɓa masa.

Shagon tsohuwar na can ƙurya. Abin da na fara gani wata doguwar tukunyar ƙarfe ce mai murfi, an lulluɓe bakinta da farin ƙyalle. Kafin mu kai ga layi na tsaya na yi wa Pakcik tambayar da duk Musulmin da ya shiga irin wannan wuri zai yi, domin a shagunan 'yan Sin naman alade da kitsensa ba baƙi ba ne. Ya ce tambayar tana kan hanya. Musulmi a ƙasar sun kai kashi 15 cikin ɗari, kuma akwai Majalisar Addinin Musulunci ta Singafo, wadda suke kira MUIS, da ke ba da takardar shaidar halal tun 1978. Shagon da ke da ita za ka gan ta a rataye. Wasu kuma na Musulmi ne, an san su. Hatta wurin mayar da kwanukan da aka ci abinci an raba shi biyu, na halal daban. "Wannan baiwar Allah kuwa," in ji shi, "shekara da shekaru nake sha a wurinta. Ba ta dafa komai sai wake da ruwa da sukari. Amma kada ka ji nauyin tambaya. A garin nan ba wanda zai ji haushi don ka tambayi abin da ke cikin tukunyarsa."

Da layi ya zo kanmu sai ta ɗage murfin, tururi ya taso ya bugi fuskata, nan take na koma Tudun Wada. Ƙanshin nan ne, ba ko tantama. Amma abin da ke cikin tukunyar ba curi-curi ba ne. Wani fari ne sumul, shimfiɗe daga baki zuwa baki kamar kindirmon da ya kwana ba a taɓa shi ba, yana ɗan rawa idan tukunyar ta motsa. Ta ɗauki wani ludayi mai faɗi, marar zurfi, kusan kamar murfin gwangwani da aka yi wa mariƙi. Ba ta luma shi ciki ba. Saman ta riƙa shafta a kwance, falle-falle, tana zamar da kowane falle cikin kwano a kan ɗan'uwansa, ba tare da ko ɗaya ya karye ba. Sannan ta kwarara ruwan sukari mai ɗumi a kai. Pakcik ya ce mata a rage wa baƙo zaƙi, ta gyaɗa kai. Kuɗin kwanon bai kai dala 2 ta Singafo ba.

Sunan abin tau huay. Da harshen Hokkien, wanda kakannin da yawa daga 'yan Sin na Singafo suka zo da shi daga lardin Fujian, ma'anarsa furen wake.

Cokalin farko ban tauna ba, domin babu abin taunawa. Yana taɓa harshe ya narke, ya bar ɗumi da wani ɗanɗano mai sanyin hali: wake ne, amma an cire masa ƙarnin nan da ke sa yara ƙin madararsa, sai wani gardi-gardi kamar na ɗanyar gyaɗa. A ruwan sukarin kuma akwai ƙanshin pandan, wani dogon ganye mai kama da na rake da mutanen yankin ke ƙullawa su jefa a tukunya, yadda mu muke jefa kanumfari a kunu. Na sha rabin kwanon ban ce uffan ba. Pakcik yana kallona yana murmushi, har na ce masa, "Kawu, ai wannan awararmu ce." Na ba shi labarin Gwaggo da buhunta da dutsen niƙanta. Ya juya ya fassara wa tsohuwar. Ta saurara da kyau, sannan ta tambayi abu ɗaya tak: da me take tsinka madarar?

Tambayar gwanaye ke nan, domin a nan hanyoyin biyu suka rabu. Gwaggo tsami take zubawa a madarar da ke kan wuta tana motsi, shi ya sa furotin ɗin waken ke dunƙulewa da sauri ya tofar da ruwansa. Masu tau huay na gargajiya kuwa garin jifsam suke amfani da shi, wani farin dutse ne mai sinadarin kalsiyam, dangin wanda ake yin silin ɗin zamani da shi, sai dai nasu tatacce ne na ci. Ana dama ɗan kaɗan da ruwa a gindin tukunya, wasu su haɗa da ɗan sitaci, sai a ɗaga tafasasshiyar madarar a sheƙa ta a kai gaba ɗaya, a rufe. Daga nan ba a motsawa, ba a leƙawa, ba a ko jan tukunyar, har kusan sulusin awa. A cikin wannan shirun furotin ɗin ke saƙa wata raga mai laushi da ke riƙe ruwan duka a jikinta maimakon ta fitar da shi. In garin ya yi yawa sai abin ya yi gari-gari a baki, in ya yi kaɗan ya ƙi kamawa. In madarar ta huce kafin a zuba, aikin ranar ya lalace. Tsohuwar ta ce da ƙarfe uku na dare take fara aiki, kuma ba duk safiya tukunya ke fitowa yadda take so ba, duk da shekarun da ta yi tana yi.

Mutanen Sin sun daɗe da wannan sana'a. Labarin da suke bayarwa shi ne wani yarima mai suna Liu An, wanda ya rasu shekara 122 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara gano yadda ake tsinka madarar wake. Masana tarihi dai sun fi dogara da rubuce-rubucen ƙarni na 10, inda aka fara ambaton abin da sunansa. Ko ma wanne ne, shekara dubu ta wuce. Duk inda 'yan ci-ranin kudancin Sin suka sauka sun je da shi, kowace ƙasa kuma ta yi masa nata ado. A Malesiya tau fu fa ake cewa, garin Ipoh ya yi suna a kai. A Indonesiya da ruwan citta mai zafi ake sha. A Filifin taho ne, masu talla na rataya bokitai biyu a sanda suna yawo da shi da safe suna kiran sunansa. A arewacin Sin kuwa ba su yarda da sukari a ciki ba sam, miya mai gishiri suke zuba masa. Mu waken ya iso mana a makare, a farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka kawo irinsa, ya fi samun gindin zama a ƙasar Tibi, kuma sai a shekarun 1980, da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da wasunta suka dage wajen koya wa mata sarrafa shi a gida, ya shiga tukwanenmu sosai. Cikin 'yan shekaru matan Hausa suka mayar da awara tasu, har yaro a Kano zai rantse tun kaka da kakanni ake yin ta. Wannan abin alfahari ne. Sai dai ƙofa ɗaya muka shiga a gidan da ke da ƙofofi da yawa.

Akwai wani sabon samfuri da ya yi tashe a Singafo wajajen 2011, mai sanyi, wanda ake haɗa zaƙinsa tun a madara a daskarar da shi a firiji cikin 'yan robobi. Matasa sun fi son sa. Na ɗanɗana, yana da daɗi, amma bai kama ƙafar mai ɗumin ba, kuma shi ne wanda ya kamata Musulmi ya tambayi abin da aka daskarar da shi da shi.

Kwana uku muka yi da Pakcik muna zagaya irin waɗannan wurare, kuma ba zan iya lissafa duk abin da ya shiga bakina ba. A kasuwar Geylang Serai, cibiyar 'yan Malay, inda kusan komai halal ne har mutum ya saki jiki, na haɗu da awara ta biyu. Tauhu goreng suke ce mata. Wannan kam matsattsiya ce soyayyiya, in Gwaggo ta gani ba za ta tambayi sunanta ba. Bambancin a mahaɗi yake: maimakon garin yaji, ana yanka ta a faranti, a watsa kokwamba da tsiron wake, a kwarara mata miyar dakakkiyar gyaɗa mai tsamiya da barkono da sukarin kwakwa. Zaƙi da tsami da yaji a loma ɗaya. Da farko harshena ya yi gardama, domin mu ba mu saba haɗa sukari da barkono ba, amma kafin faranti ya ƙare ya sallama.

A nan kusa na tsaya na kalli masu putu piring har na manta da yunwa. Mata ne a tsaye gaban wata tukunyar tururi mai ƙananan bakuna. A ɗebi garin shinkafa mai ɗan danshi a zuba a wani ɗan mazubi kamar murfin kofi, a sa gula melaka a tsakiya, a rufe da gari, a kife a kan ƙyalle a ɗora a bakin tururi. Minti biyu zuwa uku ya nuna. Gula melaka ɗin nan mazarƙwailarsu ce, sai dai ba daga rake ake yin ta ba, daga ruwan furen kwakwa ne, ana dafa shi har ya yi duhu ya daskare. Ana ba ka a kan ganye da gurzajjiyar kwakwa mai ɗan gishiri. Kana gatsawa narkakkiyar mazarƙwailar za ta tsiyayo maka a yatsa. Hannun matan nan ba ya tsayawa, ido kuma ba ya kan aikin, suna hira da masu saye, kamar dai mai waina a bakin tasha.

Sauran na bi ta kansu da sauri: soyayyiyar ayaba da aka tsoma a ƙullu, da epok-epok mai kama da samosa da dankali a ciki, da vadai na Indiyawa a kasuwar Tekka, wanda ƙosai ne ba wani abu ba, har da huda a tsakiya da ɗanyen barkono a gefe. Da rana ta take, zafin garin nan mai gumi ya ishe ni, Pakcik ya sayo mana cendol: niƙaƙƙiyar ƙanƙara, da madarar kwakwa, da gula melaka, da wasu korayen zare-zare na gari da pandan. Da dare kuma muka je Lau Pa Sat, tsohuwar kasuwar ƙarfe mai kusurwa takwas da aka gina a 1894, wadda yanzu dogayen benayen bankuna suka yi wa ƙawanya. Da magariba ake rufe titin da ke gefenta, a fito da tebura, masu satay su hura gawayi. Tsire ne a ƙananan tsinkaye, kuma gyaɗar da mu muke shafa wa nama ta zama ƙuli-ƙuli, su miya suke yi da ita a tsoma. Hayaƙin na tashi yana bin gilasan bankunan, ma'aikata masu ɗaure da laƙataye na zaune kujera ɗaya da direbobin tasi.

Wannan zaman tare shi ya fi tsaya mini a rai, kuma da na bi diddiginsa sai na gane ba haka kawai ya faɗo daga sama ba.

Pakcik ya girma a lokacin da masu tallan Singafo ke kan titi kamar namu. Tun bayan da Turawan Ingila suka kafa tashar ciniki a tsibirin a 1819, 'yan ci-rani daga Sin da Indiya da tsibiran Indonesiya suka yi ta kwarara, yawancinsu maza ne 'yan ƙwadago marasa iyali, ba mai dafa musu. Wanda ba shi da jari ko ilimin boko sai ya rataya tukwane biyu a sanda ko ya tura kura ya shiga sayar musu da abinci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya yi yawa. Ya ce da bokitin ruwa ɗaya ake wanke kwanuka tun safe har dare, sharar kuma a kwata take ƙarewa, kwatar ta zube a kogi. Taifot da kwalara ba su rabuwa da gari. Jami'an hukuma kan kawo samame su kwashe kaya su farfasa kuraye, masu talla na hango su za a yi ta ihun gargaɗi kowa ya ranta a na kare. Har kwamitin bincike Turawa suka kafa a kan lamarin a 1950. Yana ba ni wannan labari ina ganin hotunan da na sani a garuruwanmu: mai shayi yana gudu da tebur a ka, tiren 'yar talla a kife a ƙasa.

Abin da gwamnatin Firaminista Lee Kuan Yew ta yi bayan samun 'yancin kai a 1965 shi ne ta daina kallon mutanen nan a matsayin ƙazantar da za a share. A 1968 da 1969 aka bi tsibirin kaf aka yi wa masu talla rajista aka ba su lasisi. Daga 1971 aka shiga gina musu cibiyoyi, da rufi da famfo da wuta da wurin zubar da shara, a kan haya mai rangwame, kuma kusa da gidajen da ake mayar da jama'a, domin kada a raba mai sayarwa da masu sayensa. Zuwa 1986 an gama kwashe su daga titi. Aikin ya tafi kafaɗa da kafaɗa da wanke Kogin Singafo, wanda aka fara a 1977 aka shafe shekara goma ana yi. Ba a yi shi cikin ruwan sanyi ba: akwai waɗanda suka yi turjiya, akwai waɗanda sabon wurin bai karɓe su ba, kuma hukumar ƙasar ba ta wasa da doka. Ko yanzu, tun daga Satumbar 2021, wanda ya ci ya bar kwanukansa a tebur gargaɗi ne karon farko, in ya sake tarar dala 300. Amma an ba mutane wuri kafin a hana su titi, kuma a ganina nan ne duk hikimar take.

Ka dubi tau huay da wannan ido. Kusan gaba ɗayansa ruwa ne. Ba a soya shi balle mai ya kashe abin da ke ciki, ba yaji ko gishirin da za su ɓoye lalacewarsa, kuma a zafin ƙasar nan madarar wake ba ta wuce 'yan sa'o'i take juyawa. Abinci irin wannan amana ce tsakanin mai yi da mai sha, kuma famfon da ke bayan tsohuwar nan yana cikin abin da ke riƙe da amanar. Na tuna yadda Gwaggo ke sayen ruwan 'yan garuwa jarka-jarka, tana lissafin kowace a cikin ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Gwanintar hannunta ba ta gaza ta wannan tsohuwa ba. Abin da aka gina a ƙarƙashin ƙafafunsu ne ya bambanta.

Yau cibiyoyin sun haura ɗari, duniya kuma ta san da su. A 2016 littafin Michelin, wanda aka fi saninsa da manyan gidajen abinci masu tsada, ya ba wasu shaguna biyu na masu talla tauraro, ɗaya daga ciki na wani mai shinkafa da kaza ne, Chan Hon Meng, da a lokacin yake sayar da faranti dala 2. A ranar 16 ga Disambar 2020 kuma hukumar UNESCO ta sa al'adar masu tallan Singafo cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Pakcik yana alfahari da wannan, amma da na ambata sai ya nuna mini shagunan da hannu ya ce in dubi kawunan masu su. Furfura ce ta fi yawa. Matsakaicin shekarun masu sana'ar ya kusa 60. Sun tsaya a gaban wuta ne don 'ya'yansu su yi karatu, 'ya'yan sun yi, yanzu suna ofis mai sanyi, kuma ba uwar da za ta ce wa ɗanta injiniya ya dawo ya tashi ƙarfe uku na dare saboda kwanon dala 2. Jama'a kuma sun saba da araha, ƙarin 'yan sulalla kaɗan sai ka ji ana gunaguni, alhali ƙasar na shigo da fiye da kashi 90 cikin ɗari na abincinta daga waje, har da waken da ke cikin tukunyar. Gwamnati ta koma gina sababbin cibiyoyi bayan wata sanarwa da ta yi a 2011, ta kuma fito da tsare-tsaren haɗa matasa da tsofaffin gwanaye su koya. Akwai matasan da suka shigo, na ga wasu. Na sa Pakcik ya tambayi tsohuwar wa zai gaje ta. Ta ci gaba da shaftar saman tukunyarta, ta ce 'yarta ma'aikaciyar jinya ce, ta faɗa da jin daɗi a fuskarta, ba ta ƙara komai ba.

Ran da zan taho na koma na sha kwano biyu. Ta ƙi karɓar kuɗin na biyun, ta ce in gaida mai awarar ƙasarmu.

Na isar da gaisuwar. Gwaggo ta tsufa, 'yar autarta ce ke riƙe da sana'ar yanzu, amma ita ke zama a kan kujera 'yar tsugune tana ba da umarni. Na ba ta labarin tun daga ludayi har ganyen pandan. Ta ce, "Kai dai ɗan nan, ka tafi har bangon duniya don ka sha awarar da ba ta ƙarasa ba?" Duk da haka washegari ta sa aka ɗebar mana madara a ƙaramar tukunya. Ba mu da jifsam, da ruwan tsaminmu muka yi. Ta hana a motsa, ta sa aka sauke aka rufe da faifai, muka zauna muna jira. Ni kuma na narka mazarƙwaila da citta a wani ɗan kwano.

Da aka buɗe bai yi sumul irin na can ba. Ya ɗan tsattsage, ruwa ya taru a gefe, kuma akwai tsami-tsami a ƙarshen harshe. Amma yana da taushi, yana da ɗumi. Na shafto mata da murfin kwano a hankali, na zuba mazarƙwailar. Ta kai cokali baki ta yi shiru tana juya shi a harshe, jikokinta sun kewaye ta suna jiran hukunci. Ta sake kai na biyu. Sannan ta dubi 'yarta ta ce ruwan tsamin ya yi yawa, gobe a rage rabi, a kuma bar madarar ta ɗan sha iska kafin a zuba, cittar ma a ƙara.